BABI NA BIYU: SHARHI KAN ABUBUWAN DA AKA RUBUTA GAME DA NA'URAR ƘARA JI DA BUƘATAR SHAWARA GA ƊALIBAI KURAME A ƘASAR YAWURI

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa, wato ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, waɗanda su ne suka haɗu suka yi masarautar Yawuri a jihar Kebbi. A wannan babi kuwa za a waiwayi wasu muhimman ayyuka da suka gabata, a yi sharhi a kansu. Ayyukan su ne rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 kan ji, da manufofin ilimi na Nijeriya tare da dokar masu naƙasa ta 2018, sai kuma aikin Schmaling (2000) kan maganar hannu. Za a auna kowane aiki da tambaya ɗaya: idan aka ɗauki abin da ya faɗa aka kai shi Birnin Yawuri, ko Wara, ko wani gungu da ke tafkin Kainji, me zai tsinana wa yaron da aka maƙala wa na'ura a kunne?

Dalilin zaɓen wannan ma'auni shi ne abin da mai wannan bincike ya gani a cikin danginsa. Ɗan kawunsa ya kamu da sanƙarau yana ɗan shekara bakwai, ya tashi da ransa amma jinsa ya ragu ƙwarai. Daga baya wata ƙungiya ta zo rabon na'urorin ƙara ji, shi ma aka ba shi ɗaya, aka yi hotuna, aka watse. Bai cika wata guda yana sa ta ba. Da aka bincika sai aka tarar tana naɗe da tsumma a cikin adakar mahaifiyarsa. Hujjojin yaron uku ne: tana yi masa fito a kunne, batirinta ya ƙare, kuma yara suna ce masa "mai rediyo". Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ya gagari magani, sai dai babu wanda ya zauna da shi ko da iyayensa ya yi musu bayani.

2.1 Kurma da Bebe da Mai Ƙarancin Ji

Kafin a shiga sharhi ya kamata a tantance kalmomi, domin rikicin yana farawa ne tun daga suna. A Hausa, kurma shi ne wanda ba ya ji, bebe kuwa shi ne wanda ba ya magana da baki. Amma a bakin jama'a akan game su wuri ɗaya, har a haɗa da na uku, wato mai ƙarancin ji, wanda yake jin wani abu wani abu kuma ya wuce shi. Masana suna auna ji da ma'aunin desibel, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar rashin jin da ya wuce desibel 35 a kunnen da ya fi lafiya a matsayin wanda ke tauye mutum. Na'urar ƙara ji ba ta warkar da kunne. Aikinta shi ne ta ɗauki sauti ta ƙara masa ƙarfi, ta tura shi cikin kunne. Saboda haka amfaninta ya rataya ne a kan sauran jin da ya rage wa mutum. Wanda jinsa ya ragu tsaka-tsaki yakan amfana ƙwarai, wanda kuwa sanƙarau ya lalata wa kunnen ciki gaba ɗaya, wataƙila ba zai samu komai ba sai jin bugun ƙofa ko rugugin mota. Duk aikin da bai rarrabe waɗannan rukunai ba, shawararsa za ta dace da wani ta cuci wani.

2.2 Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya (2021)

An fitar da wannan rahoto a watan Maris na 2021, kuma shi ne irinsa na farko da hukumar ta yi kan ji a duniya baki ɗaya. Ya nuna cewa mutum fiye da biliyan 1.5 ne ke da wani nau'i na rashin ji, daga cikinsu miliyan 430 suna buƙatar kulawa, ciki har da yara miliyan 34. Ya ƙara da cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na rashin jin yara abu ne da ake iya kaucewa, kuma kashi 17 cikin ɗari ne kawai na waɗanda na'ura za ta amfana suke amfani da ita. Haka nan ya bayyana cewa mafi yawan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko masanin gwajin ji ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya.

Babu shakka wannan aiki ya cancanci yabo ta fuskoki biyu. Na farko, ya fifita rigakafi, kuma wannan ya yi daidai da halin ƙasarmu. Jihar Kebbi tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin bazara. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta 2017 ta shafi Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, sannan a 2025 cutar ta sake ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero. Kowace annoba takan bar wasu daga cikin yaran da suka rayu ba su ji. Idan aka haɗa da ƙyanda, da hangum, da kunne mai zubar da mugunya, da allurai irin su jentamaisin da ake yi barkatai, za a ga gaskiyar rahoton. Na biyu, rahoton bai ce raba na'ura ya wadatar ba. Ya ambaci gwaji, da daidaita na'ura ga mai ita, da bibiya, da koyar da maganar hannu.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne, an rubuta rahoton ne domin ma'aikatun lafiya, kuma abin da ya fi shiga kunnen mahukunta daga cikinsa shi ne lissafin giɓi: mutum kaza na buƙata, mutum kaza suka samu. Wanda ya karanta shi da gaggawa zai ɗauka maganin giɓi shi ne a sayo na'urori a raba. Lissafin da ya fi muhimmanci ga ƙasar Yawuri daban ne, wato cikin waɗanda aka bai wa, nawa ne suke sa ta bayan damina ɗaya?

Dalilin wannan tambaya shi ne yanayin wurin. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tashi mutum wajen 44,000 daga tsofaffin mazaunansu, rayuwar Gungawa da Sarkawa da sauran mazauna gaɓar tafki ta ci gaba da rataya a kan ruwa. Yaro yana shiga kwalekwale, yana taya su, yana ban ruwan albasa, yana wanka a kogi. Ruwa da gumi da laima kuwa su ne manyan abokan gabar wannan na'ura, da hunturu kuma ƙura ta toshe ƙofar da sauti ke shiga. Batirinta na musamman ne, yana soma aiki da zarar an ɓare takardar da ke bayansa, kuma yakan ƙare tsakanin 'yan kwanaki zuwa mako biyu ko uku gwargwadon girmansa. Batirin agogo da ake samu a kasuwa ba ya maye gurbinsa. Robar da ake ƙera wa kunne kuma dole a riƙa sabunta ta yayin da yaro ke girma, domin da zarar ta yi sako-sako sauti zai tsere ya sake komawa cikin na'ura, shi ne fiton da ke hana yara sa ta. Wanda zai je neman gwani a Birnin Kebbi, tafiyar kusan kilomita 200 ce ta Koko da Jega. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999, duk sun fi nan nisa. Hukumar ta rage wannan rauni a 2024, inda ta fitar da jagora kan yadda za a horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa ba da na'ura suna bibiya. Wannan ya fi kusa da buƙatarmu, amma har yanzu magana ce ta asibiti, alhali matsalar ɗalibi a aji take bayyana.

2.3 Manufofin Ilimi da Dokar 2018

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe sashe ga ilimi na musamman, inda ta nuna cewa cuɗanya naƙasassu da sauran yara a makaranta ɗaya shi ne ya fi dacewa. A wani sashen kuma ta yi alkawarin samar da malaman shawara a makarantun gaba da firamare. A shekarar ce aka kafa Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya a Oyo, aka kuma buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano. Daga baya an fitar da manufar ilimin masu buƙata ta musamman a 2015, sannan a watan Janairu na 2019 shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa ta 2018. Dokar ta ba su 'yancin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ɗora wa hukumar masu naƙasa samar da kayan taimakon karatu, ta kuma wajabta wa kowace makarantar gwamnati samun aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin su, tare da sanya maganar hannu a manhaja.

A takarda kam, ba a bar komai ba. Illar da wannan bincike ya hango ita ce, sashen ilimi na musamman da sashen shawara sun yi tafiya kowa da hanyarsa, ba su haɗu ba. Malamin shawara an horar da shi ne kan zaɓen darussa da sana'a da gyaran ɗabi'a, kuma makaminsa baki ne. Malamin kurame kuwa ya iya hannu, amma ba aikinsa ba ne sauraron damuwar zuciya. To, ɗalibar da ba ta ji, wadda wani ke matsa mata a hanya, wa za ta kai wa kuka? Idan aka ce a kira abokiyar karatunta ta yi tafinta, sirri ya tashi, alhali sirri shi ne ginshiƙin shawara.

Illa ta biyu ita ce, an ɗauki cuɗanya tamkar zaunar da yaro a aji ne kawai. Ƙarfin murya yana raguwa da kimanin desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka, saboda haka yaron da ke mita huɗu daga malami ya yi asarar desibel 12 a kan wanda ke mita ɗaya. Na'ura kuma ba ta zaɓe: yadda take ƙara muryar malami haka take ƙara hayaniyar yara da jan benci da ruwan sama a kan kwano. Malamin da ya juya wa aji baya yana rubutu a allo yana magana ya yanke wa wannan ɗalibi darasi bai sani ba.

Illa ta uku ta shafi nisa da tsaro. Makarantun da aka tanada domin kurame a wannan shiyya a manyan birane suke, irin ta Birnin Kebbi da ta A. A. Raji a Sakkwato, kuma ɗan Yawuri ba zai halarce su ba sai ta hanyar kwana. Tun bayan harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni, 2021, inda aka sace ɗalibai da malamai, ba a ga laifin uban da ya yi ɗari-ɗari da makarantar kwana ba, balle uban yaron da ba zai ji ihu ko harbi da dare ba, domin cire na'ura ake yi lokacin barci. Ke nan tilas a yi tunanin shawarar da za ta iske yaro a makarantar garinsu.

2.4 Aikin Schmaling (2000)

Constanze Schmaling Bajamushiya ce da ta yi bincike a Kano a shekarun 1990, ta kuma wallafa littafinta mai suna Maganar Hannu a Hambug a shekarar 2000. Ta tabbatar da cewa maganar bebayen ƙasar Hausa harshe ne cikakke mai tsarinsa, inda ta fayyace siffar hannu da muhallinsa da motsinsa, da yadda ake ƙirar kalmomi. Ta nuna cewa harshen ya daɗe, kurame ne ke koya wa junansu, kuma masu ji da yawa suna iya taɓa shi a kasuwa da unguwa. Ta bambanta shi da maganar hannu ta Amurka, wadda ta shigo makarantun Nijeriya ta hannun Andrew Foster, kurma baƙar fatar Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960.

Wannan aiki shi ne ya fi kusa da namu a ruhi, ko da yake bai shafi na'ura ba. Amfaninsa ga wannan bincike shi ne ya rushe tunanin cewa kurma ba shi da harshe sai an sa masa na'ura. Da yawan iyaye, da zarar an ba ɗansu na'ura, sai su hana shi magana da hannu wai don bakinsa ya buɗe. Turai ma ta taɓa faɗawa wannan rami bayan taron Milan na 1880, inda aka fifita koyarwa da baki a kan hannu, aka kuma daɗe ana girbar nadama. Yaron da aka raba da hannu, na'ura kuma ta mutu, ya yi biyu babu.

Duk da haka aikin yana da iyaka ta fuskoki biyu. Na farko, Kano aka yi shi, birni mai tarin kurame da ƙungiyoyinsu har da Sarkin Bebaye. Kurman da ke ƙauyen Shanga ko wani gungu yana iya zama shi kaɗai ne a garinsu, abin da yake da shi alamu ne da ya ƙirƙira shi da mahaifiyarsa. Na biyu, ƙasar Yawuri gidan harsuna ce: akwai Gunganci da Kambarci da Shanganci da Dukanci da Fulatanci, ga Hausa da ta game kowa. Yaron Bagunge mai ƙarancin ji zai tarar da harshen gida daban, Hausar kasuwa daban, Turancin aji daban, idan kuma ya je makarantar kurame ya iske maganar hannu ta Amurka. Na'ura tana iya ƙara masa ƙarfin Turancin malami, amma ba za ta fassara masa ba.

2.5 Giɓin da Ayyukan Suka Bari

Idan aka haɗa ayyukan nan za a ga na farko ya kula da kunne, na biyu ya kula da makaranta, na uku ya kula da harshe. Abin da ya faɗa tsakaninsu shi ne zaman da ya kamata a yi da ɗalibi da iyayensa da malaminsa. Wannan bincike ya kasa buƙatun shawarar kashi huɗu.

Na ɗaya, shawarar gaskiya. Tun ranar farko a gaya wa iyaye iyakar abin da na'ura za ta iya yi wa ɗansu bisa sakamakon gwaji. A faɗa musu ƙwaƙwalwa na buƙatar makonni kafin ta saba da sabon sauti, kuma na'urar da aka saya a kasuwa ba gwaji, ko aka ara daga wani, tana iya ƙara lahani.

Na biyu, shawarar kulawa. A koya wa yaro da uwarsa cire na'ura kafin shiga ruwa, da kwanar da ita a gwangwani mai murfi tare da sinadarin tsotse laima, da wanke robar kunne, da dakatar da sawa idan kunne na zubar da mugunya har sai an ga likita, da ɓoye batir daga ƙananan yara domin haɗiye shi na iya kisa. Malami kuma yana iya gwada na'urar kowace safiya da sautuka shida da Daniel Ling na Kanada ya tsara, wato m, u, a, i, sh, s. Abin sha'awa, duk shidan akwai su a Hausa, kuma gwajin bai wuce minti ɗaya ba.

Na uku, shawarar harshe, kuma nan ne manazarcin Hausa yake da ta cewa. Akan ce wa mai ƙarancin ji ya dogara da kallon leɓe, amma Hausa ba ta bayyana duka a leɓe. Ido ba ya bambanta kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ko daidai da ɗaiɗai. Ba ya ganin karin sautin da ya raba baba mahaifi da baba na rini, kuma da wuya ya kama tsawon wasalin da ya raba gari na zama da gari na tuwo. Kari da tsawon wasali a cikin sauti mai kauri suke, wanda shi ne yawanci ke saura ga mai rashin ji, alhali s da sh da ts sirara ne, su ne kan fara ɓacewa. Ke nan na'ura da ido da hannu taimakon juna suke yi, kuma darussan horar da ji da aka tsara domin Turanci ba za su wadatar da Bahaushe ba.

Na huɗu, shawarar zuciya. Na'ura tana fito da abin da yaro ya daɗe yana ɓoyewa. Saurayi na gudun tsokana, budurwa na tsoron abin da dangin miji za su ce, wata kuma ta tura na'urar ƙarƙashin hijabi, tsumma na gogarta tana ƙara, har ta gaji ta cire. Wanda ya kurumce bayan ya iya magana yana cikin juyayin abin da ya rasa, wanda aka haifa da shi kuwa bai rasa komai ba a ganinsa, wataƙila ma na'urar ce baƙuwa gare shi. Waɗannan biyun ba a yi musu shawara iri ɗaya. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka babban kurma da ya yi karatu ya kama sana'a yana cikin waɗanda suka fi cancanta a sa su a wannan aiki.

2.6 Naɗewa

A wannan babi an yi bitar ayyuka uku, an yaba musu inda suka dace, an kuma nuna inda suka tsaya. An ga cewa rahoton 2021 ya ba da alƙaluma da hujjar rigakafi, amma ma'auninsa ya fi ƙarfin ƙauye. Manufofin ƙasa sun yi tanadi, sai dai sun raba malamin shawara da malamin kurame. Schmaling ta daraja maganar hannu, amma a Kano ta tsaya. Hujjar ci gaba da wannan bincike ke nan, wato a ji daga bakin ɗaliban ƙasar Yawuri da hannayensu dalilin da ke sa wani ya riƙe na'urarsa, wani kuma tasa ta ƙare a adaka. Babi na uku zai bayyana hanyoyin da aka bi wajen tattara waɗannan bayanai, da yadda aka yi hira da waɗanda ba sa magana da baki ba tare da an tona musu asiri ba.